Yini ɗaya a Toledo ya isa?

Ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ka ganin garin Toledo na ƙasar Spain daga Madrid. Zai isa, in ka yi sammako. Jirgin ƙasa daga tashar Atocha ta Madrid kusan rabin awa ne.

Fara da masallacin Bab al-Mardum, wanda yanzu ake kira Cristo de la Luz. An gina shi a 999, ɗan ƙarami ne, amma ɗaga kai ka ga rufinsa: ƙubba tara, kowace da nata zane. Bayan Kiristoci sun karɓi garin a 1085 aka mai da shi coci, don haka kada ka sa ran yin salla a ciki. Sai unguwar Yahudawa, ka shiga Santa María la Blanca, wurin ibadarsu ne a da amma ginin sak na Musulmi.

Babban cocin garin yana cin lokaci. Ka sa takalmi mai daɗi, garin duk hawa ne da duwatsu.