Taurari biyar ba su ne kofi ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jami'ar da ta fi kwasar 'yan wasa masu taurari biyar a ƙwallon Amurka ita za ta ɗauki kofi. Ba lallai ba ne.

Kamfanoni irin su 247Sports da ESPN ne ke raba taurarin nan ga 'yan sakandare. Suna kallon bidiyon wasannin yaro, su auna tsayinsa da nauyinsa, su duba gudunsa a yadi 40. A 247Sports yara 32 kacal ke samun biyar a shekara, daidai da adadin waɗanda NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ke ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa. Kenan hasashe ne kan yaro ɗan shekara 17 da jikinsa bai gama ginuwa ba.

Dubi jami'ar Texas A&M a 2022. Ta tattara zaratan da kowa ya ce ba a taɓa ganin irinsu ba, amma ta ƙare kakar da nasara 5, rashin nasara 7. Shahararren ɗan wasan nan J.J. Watt kuwa taurari biyu aka ba shi yana sakandare, ya zo ya gagari kowa a NFL.

Ni dai idan zan jera sababbin 'yan wasa, gurbin da ƙungiya ke da giɓi nake fara dubawa, musamman ƙartin layin gaba masu tokare abokan hamayya. Sai kuma wa zai zauna, don tun 2018 da aka buɗe rajistar sauya makaranta, yaron da aka bari a benci shekara guda sai ka ji ya tattara komatsansa ya yi gaba.