Amsa ga mai tambaya kan shekarar kafa jam'iyyar PRI ta Meziko

Ƙanwata, da na ga tambayarki cewa wani littafi ya ce 1929 aka kafa PRI, wani ya ce 1946, kuma malaminki ya ƙi sa hannu a babi na biyu, sai kika fama min tsohon miki.

Ni ranar kare aikina 1929 na ce. Malamin da aka gayyato daga waje ya cire tabarau, ya ɗaga takardata sama yadda kowa zai gani, ya ce wanda bai san shekarar haihuwar jam'iyya ba ina shi ina yi mata sharhi. Ɗaki ya ɗauki dariya. Mai duba aikina kuwa, wanda ya karanta babin nan har sau uku, yana zaune yana latsa waya, ko tari bai yi ba. Wallahi shirunsa ya fi ƙona min rai. Wata huɗu aka ƙara min, na sake biyan kuɗin bugawa da ɗauri, shi kuma ya daina ɗaga wayata. Har yau in na hango shi a masallacin Juma'a sahu nake sakewa.

Littattafan nan duka gaskiya suka faɗa, jam'iyya ɗaya ce ta sake suna sau biyu. An harbe Álvaro Obregón a Yulin 1928, ya ci zaɓen shugaban ƙasa bai kai ga rantsuwa ba. Plutarco Elías Calles, shugaban ƙasa mai barin gado, ya ga janar-janar ɗin juyin juya halin Meziko za su koma cin naman juna, sai ya tara su a inuwa ɗaya a 1929 da sunan jam'iyyar PNR. Lázaro Cárdenas, wanda Calles ya ɗora a kan mulki yana zaton zai riƙa juya shi, shi ya kore shi daga ƙasar a 1936, ya sake wa jam'iyyar suna zuwa PRM a 1938, da rukunin ma'aikata, manoma, sojoji da sauran jama'a. Sai 1946 ta zama PRI, lokacin tuni an cire rukunin soja.

Ki jera sunayen nan uku da shekarunsu tun a shafin farko na babin, kada ki bar musu ƙofa. Kuma don Allah kada ki yi musu da malami a gaban mutane, ni na gwada.

In suka ce me ya sa ta shekara 71 a mulki, ki kawo maganar yatsa. Shugaba shekara shida yake yi ba tazarce, amma a zamanin mulkin PRI shi ke nuna magajinsa, abin da suke kira dedazo. Kowa sai ya yi layi yana jiran rabonsa maimakon ya ɗauki bindiga. Ni nan na so in tsaya, aka tilasta min cire kisan ɗalibai masu zanga-zanga da jami'an tsaro suka yi a Tlatelolco, cikin birnin Meziko, a 1968 wai ya yi tsawo, babin da na fi wahala a kansa. Ke kada ki yarda a cire miki shi, da shi za ki bayyana yadda farin jininta ya fara zubewa har ɗan adawa Vicente Fox ya kayar da ita a 2000.

Af, ki riƙa tura wa kanki kowane gyara ta imel, filashina ma a wancan watan ya ɓata.