Hukuncin Motar da Aka Saya Sannan Giyarta ta Nuna Aibi

Tambaya: Malam, na sayi mota ta hannu. Kwana 10 da sayenta aksul ɗin baya ya fara kuka, giya kuma tana sulluɓewa idan mota ta yi zafi. Bakanike ya ce an zuba mata mai kauri don a ɓoye ƙarar. Mai motar ya ce ai "yadda ka gan ta" ya sayar mini. Ina da haƙƙin mayarwa?

Amsa: Bismillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Hukuncin ya rataya ne a kan abu guda: aibin ya riga ciniki, ko a hannunka ya faru? Wannan ba malami ke yanke shi ba, masana sana'ar ne, kuma bakanike biyu amintattu sun fi ɗaya.

Su kwance murfin ramin zubar da man aksul su duba maganaɗisun da ke jikinsa. Laushin garin ƙarfe kaɗan ba komai ba ne, amma ɓarɓashi da yatsa ke ji yana nuna haƙoran giya ko boris sun daɗe suna cin juna. Haka man giya mai sarrafa kanta idan ya yi baƙi yana ƙauri, yawanci ba aikin kwana 10 ba ne. In kuwa man aksul ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ne ya shiga, sai a tambaye ka inda ka bi da ita. Jan kaya fiye da ƙima ko zuba man da ba nata ba ma laifin mai tuƙi ne.

Idan ya tabbata an sa mai kauri (85W-140) a gurbin wanda bai kai shi kauri ba (75W-90) don kashe ƙara, wannan algus ne. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, Muslim ya ruwaito. Misalinsa dabbar da aka bar nono ya taru a hantsarta don a ruɗi mai saye. Hadisi ya ba shi zaɓin riƙewa ko mayarwa. Cewa "yadda ka gan ta" ba ta wanke wanda ya san aibi ya yi shiru a wurin Malikiyya, balle aibin da ke cikin ƙarfe inda ido ba ya kaiwa.

Don haka kana da zaɓi: ka mayar ka karɓi kuɗinka, ko ka riƙe. In wani sabon lahani babba ya same ta a hannunka, ko ka riƙe a biya ka bambancin darajarta lafiyayya da mai aibi, ko ka mayar ka biya abin da sabon lahanin ya rage. Hawan da ka yi kafin ka sani ba ka biyan komai a kansa, domin amfani yana bin lamuni, wato wanda asarar kaya za ta hau kansa shi ke cin amfaninsu.

Sai dai ka ajiye ta tun yau, ka sanar da shi gaban shaidu. Ci gaba da hawa bayan sanin aibi ba tare da larura ba, malamai suna ɗaukar sa yarda ne. Wallahu a'alam.