Zan iya saka jarina a kamfanin da ke gwajin maganin kansar hanta?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni dan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. A wani gurup na WhatsApp ake ta tallan wani kamfanin waje wai ya gano maganin kansar hanta da kwayar bairos, ana gwajinsa yanzu, duk wanda ya sayi hannun jari kafin a amince da maganin kudinsa zai ninka sau goma. Mahaifinmu ciwon hanta ne ajalinsa shi yasa abin ya shiga raina. Ina tunanin cire miliyan biyar daga jarin shago in saka. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jikan Baba ya sa ya huta. Tun farko zan fada maka, kada ka taba jarin shagon nan.

Maganin cutar kansa da bairos ba karya bane, akwai shi a bincike. Masana na daukar bairos su gyara shi yadda zai shiga kwayoyin kansa ya hayayyafa a ciki har su fashe, sannan ya tayar da garkuwar jiki ta bi sauran. Har an taba amincewa da irinsa, a Amurka a 2015 an ba maganin T-VEC na kamfanin Amgen izini amma na kansar fata ne, ba hanta ba. To na hantar fa, bari in baka labarin wanda ya fi kowanne suna don ka ga yadda kudi ke tafiya a wannan harka.

Sunansa Pexa-Vec, an yi shi ne daga bairos din da ake rigakafin agana da shi, ana yi wa mara lafiya allurarsa kai tsaye cikin kullutun da ke hanta. A 2013 aka fitar da sakamakon wani karamin gwaji na mutum 30 kacal, wadanda aka ba mai yawa sun yi kimanin wata 14 a raye, wadanda aka ba kadan kuma wata 7 bai cika ba. Duniya ta dauka. Kamfanin SillaJen na Koriya ta Kudu ya sayi kamfanin Amurka da ya kirkiro maganin, ya shiga kasuwar hannun jari ta kasarsu mai suna KOSDAQ a karshen 2016, kafin shekara ta zagayo farashin hannun jarinsa ya ninka kusan sau goma, ya zama cikin manyan kamfanonin kasuwar alhali bai da magani ko daya da yake sayarwa, fata kawai mutane ke saye. Ka ga ninkin da ake maka alkawari ya taba faruwa da gaske.

Sai kuma me? A watan Agustan 2019 kwamitin da ke sa ido kan babban gwajin mataki na uku, wanda aka tsara da mutum kusan 600 ana hada maganin da sorafenib, wani maganin kansar hanta da ake amfani da shi tun da, ya duba ya ce a tsaya, babu alamar zai kara wa marasa lafiya kwana. Kwana uku a jere farashin na faduwa kashi 30 cikin 100 kullum, wanda shi ne iyakar da dokar kasuwarsu ta yarda ya fadi a rana daya. Daga baya aka gurfanar da tsofaffin shugabannin kamfanin kan badakalar kudi, a watan Mayun 2020 aka dakatar da cinikin hannun jarin gaba daya sai Oktoban 2022 aka bude, mutane sama da dubu dari kananan masu jari irinmu kudinsu ya makale sama da shekara biyu, ba saye ba sayarwa. Wannan fa kamfani ne na gaskiya mai rajista da likitoci da asibitoci a kasashe da yawa. Ka tsaya ka yi tunani, kai da kake juya kudinka kafin sallah da bayan sallah, in aka rufe maka miliyan biyar shekara biyu da me zaka sari kaya, da me zaka biya hayar shago?

Kuma ba SillaJen kadai bane, haka harkar take. Cikin magunguna goma da ake fara gwadawa a jikin mutane kusan daya ne ke kaiwa ga samun izini, na kansa ma basu kai haka ba. Manyan masu kudin da ke shiga suna raba jarinsu ne a kamfanoni da yawa suna da masana da ke karanta musu sakamako, sun san tara zasu mutu daya ya biya. Kai kana shirin sa komai a guda daya, wanda ko ganin kofarsa baka taba yi ba, kamar ka biya kudin dila gaba daya ba a kwance maka ka ga yadin ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne hanyar da tallan ya zo. Hannun jarin gaskiya ta hannun dillali mai rajista ake sayensa, ba a tura kudi asusun wani mutum a gurup. Ka tambaye su cikakken sunan kamfanin, a wace kasuwa yake, gwajin a mataki na nawa yake, da lambar rajistarsa a ClinicalTrials.gov, shafin da ake rajistar gwaje-gwajen magunguna, sannan ka duba ko hukumar SEC ta Najeriya, mai kula da harkar hannun jari, ta san masu karbar kudin. In suka fara cewa lokaci na kurewa ko suka ce ka kawo mutum a baka kamasho, ka fita daga gurup din. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025, duk da dadin baki suka fara, yanzu kuma sun gane cewa in aka ambaci ciwo mutum baya tsayawa lissafi, musamman wanda ya yi jinya irinka.

In har ka bincika kamfanin ya tabbata kuma zuciyarka ta ki hakura, ka sa daga riba, abin da in ya tafi ba zaka fasa bude shago gobe ba, kuma ka sa a ranka cewa ya tafi.

Sannan Alhaji tunda ciwon hanta ne ya dauki Baba, akwai inda nake so kudinka ya fara zuwa. A kasarmu babban abin da ke jawo kansar hanta shi ne hepatitis B, yana bin gida daya kuma yana iya shekaru a jikin mutum ba alama, sai kuma dafin da ke cikin gyada da masarar da suka yi fumfuna. Ka kwashi kanka da iyalinka da kannenka ku je asibiti a gwada jininku, wanda bai da shi a yi masa rigakafi allura uku ne, wanda ke da shi ya fara ganin likitan hanta ana duba shi akai akai. Duka wannan ba zai ci ko kusa da miliyan biyar din ba, ka yi shi cikin satin nan.