Tagar da za ka ajiye okid ɗin Hajiya

Ɗana, saƙonka ya same ni jiya bayan magariba, na kuma ga hoton. Ka ce Hajiyar gidan da na tura ka aikin lambu a Bunkure ta dawo daga Abuja da wani fure, ta ce okid ne, ta damƙa maka amanarsa. Ka ɗora shi a tagar falo, yau kwana tara ganye ɗaya ya yi farin tabo kamar an ɗosana masa dutsen guga, kana tambayar maganin da za ka fesa.

Kada ka fesa komai. Rana ce ta ƙona shi. Na san falon nan, tagarsa yamma take kallo, kuma muna tsakiyar bazara, zafin Afrilu yana taɓa digiri 40. Daga azahar zuwa bayan la'asar gilashin nan murhu ne. Ni ma an yi min wannan karatun. Farkon zuwan irinsa lambuna a nan Kura, biyu na saya da tsada, na jera su a tagar yamma don masu wucewa su gani. Mako bai cika ba suka zama kilishi.

Irin wanda ke hannunka sunansa falanofsis. Dubi furen, kamar malam-buɗe-littafi ne ya baza fiffike, daga irin wannan kamannin aka raɗa masa suna. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, wajajen Filifin da Indonesiya, kuma can ba a ƙasa yake tsirowa ba. A jikin itace yake maƙalewa, kamar yadda kake ganin kauci a kan kaɗanya, sai dai shi ba ya shan jinin itacen, wurin zama kawai ya ara. Kakanninsa duk a ƙarƙashin ganye suka rayu, hasken da suka sani shi ne wanda ya tsiyayo ta tsakanin rassa. Ka tuna inuwar darbejiyar ƙofar lambunmu da hantsi, to irin wannan yake so.

Saboda haka ka nema masa tagar gabas. In ka rikice, dubi inda mutanen gidan ke fuskanta in za su yi salla. Ranar safe mai taushi ce, ya sha ta daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe tara, daga nan ka saki labule mai shara-shara, irin farin nan na leshi. A watannin zafi ma kada ka ɗage labulen gaba ɗaya. Tukunyar kuma kada ta jingina da gilashi, ka ja ta baya kamar kamu ɗaya.

Ga abin da masu bayani a waya ba za su gaya maka ba, don yawancinsu a Ingila ko Amurka suke zaune. Za ka ji sun ce tagar kudu ta rana ce kullum, ta arewa kuwa ta inuwa. Gaskiyar ƙasarsu ke nan. Mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, rana tana mana ƙaura. Da hunturu takan karkata kudu sosai, har ta shigo ɗaki ta tagar kudu da tsakar rana. Amma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta ta arewa take bi ta kanmu, sai ka ga bangon arewa, da ka sani da sanyi, yana shan rana safe da yamma. Duk mai shanyar hatsi a tsakar gida ya san inuwar katanga ba ta kwana wuri ɗaya shekara guda. In dole ta sa ka bar gabas, to kudu da damina, arewa da ɗari. Yamma dai babu ita a lissafi.

Ba ka da na'urar auna haske, ni ma ba ni da ita. Hannunka ya isa. Ka ɗaga tafinka taƙi ɗaya a saman ganyen: in inuwar ta fito ɓaro-ɓaro har kana ƙirga yatsu, hasken ya yi yawa, in dishi-dishi take, wurin ya yi, in babu ita sam, duhu ne. Sannan ka taɓa ganyen da bayan hannu. In ka ji ɗumi, ɗauke shi nan take.

Shi kansa ganyen yana magana. Wanda ya yi kore shar har yana neman baƙi, mutane su ke yaba masa, amma yunwar haske ce, irinsa sai ya shekara biyu bai yi fure ba. Kore mai ɗan haske shi ake nema. In ya fara rawaya ko gefensa ya yi ja-ja, ana matsa masa. Na faɗi wannan ne don na san Hajiya za ta so a kai shi teburin tsakiyar falo baƙi su gani. Ka bar ta ranar da za ta yi baƙi, washegari ka mayar da shi taga. Ka kuma nisanta shi da bakin na'urar sanyaya ɗaki, busasshiyar iskarta tana zubar da fure tun yana ƙulli.

Idan hunturu ya shigo, ƙura za ta rufe ganye da gilashi duka, ta tare hasken. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa, sau ɗaya a mako, ka kula kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen don nan yake ruɓewa. Sanyin daren Disamba kuwa alheri ne, shi ke sa ya fitar da sandar fure, amma ka rufe tagar in dare ya yi kada iskar ta buge shi kai tsaye. Da sandar ta fito za ta miƙa wajen haske, kada ka riƙa juya tukunyar, sai ta karkace.

Ganyen da ya ƙone ba zai warke ba, amma kada ka yanke shi muddin tabon a bushe yake, sauran koren yana ciyar da shi. Ka sanar da Hajiya da bakinka yau, kafin ta gani da idonta. Ran Juma'a in ka zo gida ka taho min da hoton saiwar, ina so in ga ko a ɓawon itace aka dasa shi ko wani ya cusa masa ƙasa.