Tambayoyin Masu Karatu: Me ya sa har yau ake maganar Firefly?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena ya ba ni wani shirin talabijin na Amurka mai suna Firefly, na ga mutane suna yawo a kumbo tsakanin duniyoyi amma da dawakai da bindigogi irin na kaboyi. Da na nemi zango na biyu sai ya ce babu, tun 2002 aka dakatar da shi. Idan bai karɓu ba har aka soke shi, me ya sa masoyansa suke yabonsa fiye da shekara ashirin? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanen naka ya faɗi gaskiya. Joss Whedon ne ya ƙirƙiri shirin, tashar Fox ta fara haska shi ranar 20 ga Satumba, 2002, kuma kafin ƙarshen Disamba na wannan shekara an rufe shi. Kashi 14 aka ɗauka, 11 kacal aka nuna a lokacin. Sai dai sokewar ba ta nuna cewa shirin ba shi da kyau ba, domin tashar ma tana da nata laifin. Shugabanninta sun ga cewa kashin farko mai tsawon sa'o'i biyu, wanda shi ne yake gabatar da mutanen labarin ɗaya bayan ɗaya, yana tafiyar hawainiya, sai suka ajiye shi suka sa aka rubuta wani cikin gaggawa, wancan na asali kuwa ba a haska shi ba sai ranar 20 ga Disamba, bayan an riga an yanke hukunci. Ga shi an ba shirin daren Juma'a, lokacin da matasan Amurka ba su cika zama gaban talabijin ba, wani makon kuma wasan besbol ya ture shi. Mai kallo da aka fara ba shi labari daga tsakiya, ba abin mamaki ba ne idan ya sauya tasha.

Dawakan da suka ba ka mamaki su ne ƙashin bayan labarin. An gina shi a shekarar 2517, bayan ɗan Adam ya bar wannan duniya ya bazu a wasu, ƙarƙashin gwamnati guda da ta samo asali daga haɗewar Amurka da Sin, shi ya sa za ka ji 'yan wasan suna jefa kalmomin Sinanci idan ransu ya ɓaci. Duniyoyin tsakiya suna da asibitoci da dogayen benaye, na gefe kuwa an zube mutane ne da 'yan dabbobi da kayan noma aka bar su da halinsu. Inda babu hanya kuma babu kayan gyara, doki ya fi mota amfani. Duk wanda ya kalli finafinan kaboyi a gidajen silima na da zai gane wannan ƙasa nan take: ƙura, ƙaramin gari, da hukumar da take nesa sai ranar da ta zo karɓar wani abu.

A ganina babban sirrin shirin shi ne ya zaɓi waɗanda suka sha kaye. Malcolm Reynolds, wanda Nathan Fillion ya fito a matsayinsa, saje ne a rundunar 'yan neman 'yancin kai da gwamnati ta murƙushe, kuma ya raɗa wa tsohon kumbonsa sunan Serenity, wato kwarin da aka yi musu mummunan kaye a cikinsa. Ba ya neman ceto duniya. Abin da yake nema shi ne aikin da zai sayi mai da abinci, ko na halal ne ko fasa-ƙwauri, har akwai lokacin da suka yi lodin shanu a cikin kumbon. A wani kashi sun sace kaya daga jirgin ƙasa, da suka gano magani ne na wani garin masu haƙar ma'adinai sai suka mayar, duk da sun san wanda ya ba su aikin ba ya yafiya. Irin wannan mutum, mai taurin kai da ɗacin rai amma da iyakar da ba ya tsallakewa, yana shiga zuciya fiye da jarumin da ba shi da tabo.

Sa'annan mutum tara ne a cikin kumbon, kuma zamansu zaman gida ɗaya ne. Akwai Zoe da ta yi yaƙi tare da Malcolm, da mijinta Wash matuƙi, da Kaylee bakanikiya, da Simon, likitan da ya watsar da dukiya da matsayi domin ya kuɓutar da ƙanwarsa River daga makarantar gwamnati inda ake gwaji a kan ƙwaƙwalwarta. Wuraren da na fi so a shirin ba na harbe-harbe ba ne, na teburin cin abinci ne, inda ake gardama da zolaya. Babu wasu halittu na wata duniya ko ɗaya, kuma idan kyamara ta fita wajen kumbo ba a jin ƙara, kamar yadda sararin samaniya yake a zahiri.

Gajartar shirin ma ta ƙara masa daraja, domin bai yi tsawon da zai gundiri kowa ba, kuma ya bar tambayoyi a buɗe, kamar tarihin Book, malamin Kirista da ya san harkar makamai fiye da kima. Da faifan DVD ya fito a ƙarshen 2003 ya yi kasuwa sosai, masoyan da suke kiran kansu Browncoats suka yi ta fafutuka, kamfanin Universal kuma ya fitar da fim mai suna Serenity a 2005, wanda ya warware batun River. Idan za ka sake kallo, Malam, ka bi jerin da ke kan faifan, ka fara da kashin nan mai sa'o'i biyu, ka bar fim ɗin sai ƙarshe. Ka kuma sani akwai wuraren da ba su dace a kalla tare da yara ba.