Tambayi Injiniya: Katakon jikin gidajen Amurka zai yi mana a nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni dai ina ɗan gini ne a nan Kano, an gama bulo an yi rufi saura filasta, to ƙanina da yake karatu a Amurka kullum sai ya turo min hotunan unguwarsu, gidajen nan jikinsu kamar an jera katakai a kwance fari tas, gaskiya abin ya shiga raina har na ce ma birkilana ya dakata tukuna. Shin in na yi irinsa zai yi ƙarko kuwa, kuma wane iri zan saya? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya sa a gama lafiya a shiga da rai da lafiya. Amma dan Allah ka kira birkilan nan ya dawo bakin aikinsa kafin kuɗin siminti ya sake tashi.

Abin da ka gani a hoto su can suna ce masa saidin, kuma ba don kwalliya suka fara shi ba. Yawancin gidajensu ba bulo ba ne, firam ne na katako kafinta ya haɗa, a buga faifan katako a kai, a naɗe da wata takarda mai hana ruwa, sannan a jera saidin ɗin daga ƙasa zuwa sama kowanne ya ɗan hau kan na ƙasansa yadda ruwan sama zai zirare. Ka ga kenan riga ce aka sa ma gidan da in ba ita ruɓewa zai yi. Kai kuwa bulo inci 9 ka jera, filasta da fenti su ne rigarka.

Kuma mafi yawan abin da kake gani fari tas ɗin nan ba ma katako ba ne, roba ce dangin PVC, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1950 ta yaɗu saboda arha da kuma ba ta son fenti. Matsalarta zafi. Tsayin ƙafa 12 yana iya miƙewa ya koma da kusan rabin inci tsakanin zafi da sanyi, shi ya sa ramin ƙusarta dogo ne kuma ba a dukan ƙusar har ƙarshe, ratayewa ake yi ta samu wurin motsi. To kai ka san kafintocinmu, in ba su ji kan ƙusa ya nutse ba gani suke ba su yi aiki ba, sai ka haɗa wannan da ranar watan Afrilu ta Kano da take wuce digiri 40 tana dukan bangon yamma tun daga azahar har la'asar sakaliya, kafin ka ankara bangon ya yi tudu da kwari, mai duhun launi ma ya fi saurin lanƙwashewa.

Na katakon gaske kuwa su da itacen sida suke yi wanda ba ya saurin ruɓewa, kuma duk da haka bayan wasu shekaru sai an sake fenti. Mu a nan gara ce sarauniya. In ka je 'Yan Katako a Na'ibawa za ka samu maɗaci da iroko masu ƙarko, amma lissafa kuɗin da zai rufe maka gida guda sai ka riƙe baki, farin katako mai arha irin su obece kuwa abincin gara ka kai mata har gida. Ga hunturu ya busar da shi ya tsage, damina ta zo ya sha ruwa ya kumbura. Sannan dole a buga sanduna a jikin bulo kafin a jera shi, wannan ramin da ke baya kuwa ka yi ma ƙadangaru da kyankyasai da ɓeraye gidan haya ba ko sisi, gara kuma ta yi hanyarta a ɓoye har rufi ba ka gani ba.

In dai ranka ya kafe, na siminti ne kaɗai zan yarda maka. Faifai ne da ake haɗawa da siminti da yashi da zaren itace, kamfanin James Hardie ne ya yi suna a kansa, gara ba ta ci, wuta ba ta kama shi, yana riƙe fenti. Nauyi gare shi kuma gefensa na karyewa wajen ɗauka, mai yankawa kuma lallai ya rufe hanci don ƙurarsa na illa ga huhu. Shi ma a fuskar gida kawai, wajen ƙofar shiga ko saman baranda, kuma kar ya taɓa ƙasa, a bar kamar inci 6.

Da ni ne kai ga abin da zan yi, in samu mai filasta da hannunsa ya faɗa in ce ya ja min layuka a kwance da katako madaidaici tun filastar na ɗanye, tazara ɗaya daga sama har ƙasa, a yi ban ruwa kwana 7 ba ha'inci, a bari ya bushe sosai kafin fenti. Daga bakin titi ba wanda zai bambance. Ba baƙon abu ba ne ma a wurinmu, magina na da da hannu suke zayyana a jikin ɗanyen yaɓe sannan su bi da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa, je ka Gidan Makama ka kalla. Ragowar kuɗin ka ƙara ma bakin kwano tsawo ya fito kamar ƙafa 2 daga bango, don ruwan Agusta da iska yake zuwa.

TAMBAYA: Injiniya ina wuni. Bara aka yi min silin ɗin baranda da wani allo mai siraran layuka, da kyansa kamar me, damina ɗaya ya kumbura ya yi baƙi yanzu har ɓarɓashi yake zubowa. Mai aikin ya ce wai fentin ne ba kyau. Daga wata uwargida, Zariya.

AMSA: Hajiya lafiya lau, sannu da asara. Ba laifin fenti ba ne, ya faɗa miki ne don a rabu lafiya. Daga yadda kika kwatanta MDF aka sa miki, garin katako ne da gam aka matse, na cikin ɗaki ne, in ya sha ruwa sau ɗaya ba ya komawa. Irin wannan mai layi-layin Turawa na ce masa bidbod, asalinsa siraran katakai ne masu harshe da rami ɗaya na shiga cikin ɗaya, kuma a silin ɗin baranda suka fi sa shi, a kudancin Amurka ma shuɗi-shuɗi suke fentinsa. To silin ɗin PVC da ke cike a kasuwanninmu kwaikwayonsa ne, kuma nan ne wurin da roba ta dace, don tana inuwa rana ba ta dukanta, ruwa ba ya mata komai, ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma za a goge.

Sai dai kafin a cire tsohon a sa yaro ya hau ya duba kwanon, baƙin nan da kika gani yoyo ne daga wani wuri, in ba a toshe ba katakon da ke riƙe da silin ɗin ne zai ruɓe wannan karon. A shafe katakon da maganin gara Solignum, wasu baƙin mai suke sawa amma yana wari kuma yana ɓata farin silin. Ki sayi silin ɗin PVC mai kauri, ki matsa da yatsa a shago in ya lotsa ki bar musu kayansu, kuma sandunan kar su yi nisa da juna don kar ya yi ciki. Ƙwan fitila mai zafi ma kar a manna masa, a sa LED.

TAMBAYA: Alucobond irin na bankuna da gidajen mai fa, zai yi a gaban shago mai bene? Daga wani ɗan kasuwa, Kaduna.

AMSA: Zai yi Alhaji, amma ka tambayi abin da ke tsakiyarsa. Falle biyu ne na alminiyon, mai arha roba ce a tsakani kuma tana ci da wuta, irinsa ne ya sa gobarar benen Grenfell a Landan ta haye ginin a 2017 mutum 72 suka rasu. Ka nemi mai hana wuta a nuna maka rubutun a bayan faifan, kuma janareto da wayar allon talla kar su raɓe shi.